Yadda za ka gwada kashe launin ruwan rini da ƙarhe, o oksijene da ranar Yamai

Ƙannena ƴan shimi, musamman waɗanda sunka kai lokacin neman abin da za su yi memwar a kai, kullum kukan ɗaya ne, wai labo ba kayan aiki, an yi odar magani wata shida bai zo ba, kuran kuma ya ɗauke ana tsakiyar aiki. Gaskiya ne, ni ma na sha wannan. Amma akwai wani aiki da abin da ya hi tsada a cikinshi mu kyauta muke samu, har ma kuka muke da yawanshi, wato rana. A Turai sai sun sayi hitila mai tsada wadda ke kwaikwayon hasken rana sannan su yi abin da kai za ka yi bisa rufin labo da kwanon gilashi. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta muku yadda ake yi daki-daki, da inda mutane ke zamewa, don wallahi abin na da sauƙin yi kuma yana da sauƙin ruɗin mutum.

Sunan aikin foto-Fenton, wato kashe launin gurɓataccen ruwa da ƙarhe da o oksijene ƙarƙashin hasken rana. Fenton sunan wani Bature ne ɗan Ingila, a 1894 ya lura in ka haɗa gishirin ƙarhe da o oksijene, wato H2O2, ruwan nan na farmasi mai kumfa da ake wanke ciwo da shi, sai su cinye asid tartarik, abin da kowanensu shi kaɗai ba ya iyawa sosai. Asid tartarik kuwa shi ne tsamin da ke cikin tsamiya, wadda ake mana kunu da ita. Sai a 1934 Haber da Weiss sunka kawo bayanin cewa wani abu ne ke hitowa daga haɗin, radikal OH, wanda ba ya daɗewa ko ƙiftawar ido amma duk abin da ya tarar sai ya ƙwace mishi elektaron ko hidirojen. Wannan ƙwacen shi ake ce ma oksidasiyo, ƙonewa ce ba wuta, dangin tsatsar da ke cin ƙyauren gida.

Ga lissahin a taƙaice:

Fe2+ + H2O2 → Fe3+ + OH− + •OH

Matsalar ita ce da ƙarhen ya koma Fe3+ sai ya yi nauyin jiki, komawarshi Fe2+ cikin duhu a hankali take ƙwarai, sai aikin ya yi sanyi. Nan rana ke shigowa. Cikin ruwa mai tsami Fe3+ na zama a sihar Fe(OH)2+, ita kuma in haske ya buge ta sai ta koma Fe2+, ta kuma saki wani radikal OH kyauta. Ka ga ƙarhen ya zama kamar dillali a kasuwa, ya haɗa wannan ciniki ya juyo ya haɗa wani, shi bai ƙare ba. Abin da ake nuhi da katalizar ke nan, kuma shi ya sa ƴan miligiram kaɗan ke isa lita guda.

Kada ku ɗauka wasan yara ne. Robar butalin ruwan da kuke sha, asid ɗin da ake yin ta da shi ana samunshi ne ta oksidasiyo da iska, kobal da manganez na tura aikin, tan miliyoyi kowace shekara. Sharpless ya ci Nobel a 2001 kan oksidasiyo da ƙarahuna irin su titan. A Sipaniya kuwa, cikin hamadar Tabernas kusa da Almeriya, akwai cibiya sukutum da ta daɗe tana gwada wanke gurɓataccen ruwa da rana da wannan hanya da zan gaya muku. Mu kuma jami'armu ta Yamai sunan wa take ɗauke da shi? Abdou Moumouni Dioffo, ɗan Tasawa, wanda ya shugabanci ONERSOL, ohishin makamashin rana na Nijar, ya ƙarar da rayuwarshi kan makamashin rana har rasuwarshi a 1991, Allah ya ji ƙanshi. To in ba mu yi aikin rana ba wa zai yi.

Yanzu kayan aiki. Kana buƙatar sulfat na ƙarhe, FeSO4·7H2O, wannan mai launin kore-kore. Duba shi da kyau, in ka ga ya koma ruwan ƙasa ko ɗorawa to iska ta riga ta cinye shi, nemi wani. Sai o oksijene, ta labo mai kashi 30 in akwai, in babu ta farmasi mai volim 10, wato kashi 3 cikin ɗari, giram 30 ke nan a lita. Sai ble de metilen, shi ne launin da za mu fara koyo da shi. Sai asid sulfirik da anka sirka sosai, da soda, da ruwan distile, da pH-mita ko takardar pH in ita ke akwai, na auna tsamin ruwa. Sai kwanonin gilashi masu faɗin baki iri ɗaya aƙalla shida, takardar alu, pipet, termomita, agogo, da karne na rubuta abin da ka gani. Karnen nan kar a raina shi.

Kahin komi gwada o oksijene ɗinka ko tana da rai, don zahin garin nan na kashe ta a kwalba, musamman wadda ta daɗe bisa kanta. Hanyar labo ita ce dozaj da permanganat, mol 2 na permanganat kan mol 5 na H2O2, kuma ita za ka rubuta cikin memwar. Amma don ka san inda ka kwana da wuri, sayi ɗan yankin ɗanyar hanta wurin mahauci ka ɗiga mata. In ta yi kumfa fuuu to da ranta. Abin da ke sa kumfar wani anzim ne, katalaz, shi ma ƙarhe ne a tsakiyarshi, wato abin da muke son yi a kwano jikinmu ya daɗe da sanin irinshi. Ka aje kwalbar cikin firigo, nesa da haske.

Sai haɗa ruwan uwa, wato mai kaurin da za ka riƙa ɗiba kana sirkawa. Na launi: miligiram 100 na ble de metilen cikin lita guda, ka naɗe kwalbar da alu. Na ƙarhe: giram 0,5 na sulfat cikin mililita 100 na ruwan da ka riga ka ɗiga ma asid. Gishirin nan kashi ɗaya cikin biyar ɗinshi ne ƙarhe (56 cikin 278), saboda haka ruwan na ɗauke da kimanin giram 1 na ƙarhe a lita. Wannan kullum sabo ake haɗawa, ranar aiki, ba a kwana da shi.

Kowane kwano zai ɗauki mililita 250. Mililita 50 na ruwan launi, ka cika da distile, ya ba ka miligiram 20 a lita. Sai ka sauko da pH zuwa 2,8 ko 3, ɗigo-ɗigo kana motsawa. Nan ne zuciyar aikin, kar ka yi gaggawa. In pH ya haura 4 ƙarhen zai fara zama laka ja ya kwanta, ya hita daga aiki, in kuma ya yi ƙasa sosai aikin ya yi nauyi. Kuma da asid sulfirik za ka yi, ba kloridirik ba, saboda klorir na cinye radikal ɗin yana kuma riƙe ƙarhen. Wani zai ce ai ruwan batir ma sulfirik ne, a'a don Allah, ba ka san mi ke cikinshi ba.

Ƙarhe: rabin mililita, wato miligiram 2 a lita. O oksijene ta farmasi: kimanin mililita 0,8, wato miligiram 100 a lita. Na san wani zai ce ƙarhen ya yi kaɗan. Da gangan ne. Lokacin da na fara wannan aiki na zuba ƙarhe da yawa, kahin in hau matakala in kai kwano rana launin ya riga ya tahi, na yi ta murna, sai daga baya na gane rana ba ta taɓuka komi ba a wurin, Fenton na duhu ne ya yi aikinshi tun cikin ɗaki. In kana son ganin hannun rana dole ka rage ƙarhe har aikin duhu ya yi saurin gajiya. Waɗannan adadi wurin farawa ne, in ka ga abin ya yi sauri ko ya yi nawa sai ka gyara, amma abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda.

To ga inda nake son ku buɗe kunne, maganar kwanonin shaida. Kwano ɗaya ba ya gaya maka komi. In ka sa shuɗin ruwa a rana ka dawo ka tarar ya yi fari, mi ya faranta shi? Rana ce ita kaɗai, ai mun san tana koɗar da zane bisa igiya? O oksijene ce? Zahi ne? Ko gilashin ne ya shanye launin? Ba ka sani ba, kuma juri ranar sutnans tambayar da za su fara yi maka ke nan. Saboda haka kwano shida za ka jera. Na ɗaya launi kaɗai a rana. Na biyu launi da o oksijene a rana. Na ukku launi da ƙarhe a rana. Na huɗu duka ukkun amma an naɗe shi ruf da alu, kuma shi ma a rana za ka aje shi kusa da ƴan uwanshi don zahinsu ya zo kusa, ba cikin labo mai sanyi ba, wannan kuskure ne da nake gani kullum. Na biyar duka ukkun a rana, shi ne gwajin kanshi. Na shida launi kaɗai cikin alu. Dukansu pH ɗaya, zurhin ruwa ɗaya, kwano iri ɗaya. Bambancin da ke tsakanin na huɗu da na biyar shi ne aikin rana, shi kaɗai kake da ikon ka ce rana ta yi.

Zancen kwano, faɗi ya hi zurhi. Santimita biyu zuwa ukku na ruwa ya isa, don shuɗin da kanshi na tare haske, na ƙasa ba ya samu. In za ka ruhe saboda ƙura to da gilashin Pyrex, shi yana barin yawancin ultraviyole ya wuce, gilashin taga na datse wani sashe. In ka bar shi buɗe kuma to ruwa zai ƙahe, kuma a bazara ba kaɗan ba, launin ya ƙara kauri ka ɗauka aikin ne ba ya ci. Ka auna nauyin kwano a farko da ƙarshe, ka lissafa abin da ka ɗiba, sauran iska ta sha.

Lokaci. Agogonmu da rana ba su tahiya daidai, a Yamai rana na kai tsakar ka wajen ƙarhe ɗaya saura ne ba sha biyu ba, saboda muna yamma sosai cikin ƙasar. To ka tsara aikinka tsakanin sha ɗaya da rabi zuwa biyu da rabi, kuma kullum lokaci ɗaya, in ba haka ba ba ka iya gwama na Litinin da na Laraba. Sallar azahar za ta faɗo cikin aikin, ku zama ku biyu, ɗaya ya tahi ɗaya ya tsare agogo. Lokacin hazo, daga Disamba zuwa Fabrairu, ƙura na rage ultraviyole ko da ido na ganin gari da haske, damana kuma gajimare na iya zuwa tsakiyar gwaji. Rubuta yanayin sama kowace rana. In da radiyomita a wurin ƴan fizik je ka roƙa da ladabi, ka gaida malam, ka yi bayanin aikinka, sau da yawa kayan na nan cikin almuru ba mai taɓawa. In ba a samu ba, aƙalla ka riƙa sa kwano ɗaya mai haɗi iri ɗaya kowace rana ya zama ma'auninka.

Zahi ma abin lura ne. A Afrilu da Mayu inuwa kanta na wuce digiri 40, to ina ga ruwan da ke bisa siminti. Ɗumi kaɗan na taimakon aikin, amma in ya yi yawa o oksijene na watsewa ta zama ruwa da iska a banza, ƙarhe kuma na saurin kwantawa. Kar ka ɗora kwano kan siminti ko kwanon ruhi kai tsaye, sa katako ko ka jera su cikin faranti mai ɗan ruwa. Termomita a ciki, ka rubuta duk sa'ad da ka ɗibi samfur.

Tsarin zubawa: launi, asid, ƙarhe, ka motsa, ka ɗibi samfur na farko, wannan shi ne lokacin zero. Sai ka kai kwanonin inda za su zauna, can ne za ka zuba o oksijene, a ƙarshe, kana zubawa kana danna agogo. Ɗibi mililita 2 a minti 2, 5, 10, 15, 20, 30, 45 da 60. Farkon ne ke gudu, shi ya sa ɗibar ta yi kusa da kusa a can. Ka motsa kwano kahin kowace ɗiba.

Samfur ɗin da ka ɗiba bai san an gama da shi ba, yana nan yana ci gaba da aiki cikin tib. In ka tara su sai la'asar ka auna, duka za su hito fari fat. Dole ka tsayar da shi, ka tanadi tib-tib da ƴan ɗigon metanol ko etanol a ciki tun kahin ka hito, su ne za su tare radikal ɗin, ka sa cikin akwati mai duhu, ka auna da wuri. Wasu na tsayarwa da soda, amma da ble de metilen ban ba da shawara ba, soda mai yawa na taɓa launin da kanta. Metanol guba ne, ba a shaƙa, ba a ja da baki.

Aunawa da sipektiro, na'urar auna yawan hasken da ruwa ke sha, a nanomita 664, nan ne shuɗin ya hi shan haske. Amma miligiram 20 ya yi kauri, ko 10 ma na kai absorbans wajen 2, inda na'urar ta fara ƙarya. Sirka kowane samfur sau huɗu, mililita 2 ka ƙara 6 na distile, ka kuma ja layin etalonaj, wato ka auna ruwan launi da ka san kaurinshi, daga miligiram 0 zuwa 5 a lita. Kuma in na'urar na iyawa, kar ka tsaya a 664 kaɗai, ɗauki sipektir duka tun daga ultraviyole, za ka ga abubuwa na tashi suna faɗuwa da ba ka gani da ido.

In ba sipektiro ko ya lalace, waya na iya fidda kai kunya. Ka samu kwali, ka liƙa farar takarda a ciki, hitilar LED guda a wuri ɗaya da ba ta motsi, rami ɗaya na kamara. Ka jera tib ɗin etalonaj tare da samfur cikin hoto ɗaya, ba hoto daban-daban ba, don waya na gyara haske da kanta. Sai ka buɗe hoton a ImageJ, kyauta ne, ka karanta tashar ja, tunda jan haske shuɗin ke sha. Bai kai sipektiro ba, ka faɗi haka a hili cikin memwar, amma yana ba da kurbu mai ma'ana.

Lissahi ba wuya: C, kaurin launin da ka auna, bisa C0, kaurinshi na lokacin zero, a kan lokaci, kwano shidan duka cikin zane ɗaya. Sannan ln(C0/C) a kan lokaci, in ya ba da miƙaƙƙen layi gangarenshi shi ne k, ma'aunin saurin aikin. Sau da yawa za ka ga layin ya karye biyu, mintunan farko da gudu saboda Fe2+ ɗin da ka zuba, sai kuma wani gangare daban. Kar ka tilasta mishi layi ɗaya don R² ya yi kyau, karyewar ita ce labarin. Kuma kowane gwaji sau ukku, ranaku daban.

Yanzu abin da ya hi damuna. Launi ya tahi ba ya nuhin ruwa ya wanku. Ƙwayar launin babba ce, ya isa a tsinka ta wuri ɗaya ta daina shuɗi, amma gutsattsarinta na nan cikin ruwa, wani lokaci ma ba ka san ko sun hi uwar illa ba. Wankewa ta gaskiya ita ce karbon ɗin ya koma CO2, kuma wannan na ɗaukar lokaci da o oksijene hiye da kashe launi nesa ba kusa ba. Ana auna shi da COT, wato jimillar karbon na organik da ya rage cikin ruwa, in akwai na'ura, in babu sai DCO, wato yawan oksijen da ake buƙata don ƙone dattin da ya rage, da dikromat. In za ka yi DCO ka tabbata ba sauran o oksijene a samfur, don tana ƙara adadin ta ruɗe ka. To don Allah cikin rubutu ka ce launi ya ragu kashi kaza, kar ka ce an tsarkake ruwa. Kuma ruwan nan ba na sha ba ne, ba na dabba ba, ba na alwala ba, ko ya yi garau kamar na pampo. Kar wani ya haɗa shi da SODIS, waccan hanyar sa ruwan sha cikin butalin roba awa shida a rana don kashe ƙwayoyin cuta, wannan daban wancan daban.

Wani abin kuma, ble de metilen kanshi na shan hasken rana, shi ya sa masu bincike da yawa ke cewa ba shi ne ma'auni mai kyau ba na gwada katalizar na haske. Don koyon hannu ya yi. Amma in ka ƙware ka gwada da abin da ba shi da launi, kamar fenol ko parasetamol, in da hanyar auna su.

Bayan an gama, ba a zubar da ruwan haka nan. Ɗaga pH zuwa 7 ko 8 da soda ko ruwan farar ƙasa, ka bar shi ya kwana, ƙarhen zai kwanta ja a ƙasa, ka tace, lakar ka tara wuri ɗaya.

Sai ruwan rini na gaskiya, wanda shi ne dalilin duk wannan wahala. Kowa ya san yadda kwata ke komawa shuɗiya ko ja a unguwar da ake rinin shadda, kuma a garin nan ƙarshen ruwa kogi ne ko ƙasa. In za ka ɗibo, je ka gaida masu wurin, ka ce musu kai ɗalibi ne, ba hukuma ta aiko ka ba, sana'arsu ce abincinsu, kuma sun hi ka sanin mi suke zubawa a tukunya, tambaye su. Za su gaya maka soda da hidiro. Sodar na kai pH sama ƙwarai, sai ka sha asid mai yawa kahin ka sauko 3, kuma wannan kuɗi ne da dole ka lissafa in kana son ka ce hanyar na da araha. Hidiro kuma, wato hidirosulfit, kishiyar o oksijene ce, tana cinye ta kahin ta taɓa launi. Saboda haka bar ruwan ya sha iska kwana ɗaya ko biyu kana kaɗawa, wani launin ma zai kwanta da kanshi, ka tace, sannan ka sirka sau goma ko hiye. Asid ɗin a waje za ka zuba ko ƙarƙashin hot, akwatin labo mai zuƙe hayaƙi, don yana iya tayar da iska mai shaƙe mutum. In akwai kanwa ko gishiri a ciki su ma suna rage ƙarhin radikal. Kada ranka ya ɓaci in abin da ya ɗauki minti goma da ruwan labo ya ɗauki awa ukku a nan, wannan ne sakamakon da ya hi amfani.

Ga wanda ke neman abin da zai ƙara nashi, ni ina ganin ƙofa na wajen pH. Ana iya riƙe ƙarhe cikin ruwa ba tare da tsami sosai ba in an haɗa shi da sitrat ko oksalat, kuma waɗannan haɗe-haɗen na shan hasken rana hiye da ƙarhe tsirara. Sitrat na cikin lemun tsami, tartarat na cikin tsamiya. A gwada su gehe da gehe da na kwalba, da kwanonin shaida cikakku, a tuna kuma su kansu abinci ne ga radikal kuma suna ƙara DCO, to akwai iyakar da in an wuce sai su zama cikas. Gano wannan iyaka kaɗai ya isa memwar.

Akwai kuma hanyar TiO2, farar hodar da Fujishima da Honda sunka shahara da ita a Japan a 1972. Ita ba ta buƙatar asid ko o oksijene, amma ultraviyole kaɗai take sha, ƙasa da nanomita 390, wanda bai wuce wajen kashi 5 na hasken rana ba. Rabin giram zuwa giram guda a lita, a motsa minti 30 cikin duhu tukuna don abin da zai manne ya manne, sannan a hita rana, ana motsawa ba tsayawa, kuma sai an santirifije kahin a auna. Takardar tata na shanye shuɗin, kar a yi da ita. Ni dai ga wanda ke farawa ƙarhe na hi so, ya hi araha kuma ya hi saurin nuna maka kuskurenka.

Masu son haɗa magunguna kuma su sani wannan tunani ne ya kai ga abin da ake kira fotoredoks, wanda ya tashi sosai tun 2008 da ayyukan MacMillan da Yoon a Amurka, da rutenyom da iridiyom da shuɗiyar LED. Waɗannan ƙarahuna tsadarsu ba ta aljihunmu ba ce, shi ya sa yanzu ake ta komawa kan ƙarhe, tagulla da launuka irin su eyozin. Tun 1912 wani ɗan Italiya, Ciamician, ke jera kwalabe bisa ruhin jami'ar Bolonya yana cewa rana ce makomar shimi.

Kahin ka hita gobe: bulus, tabarau, safar hannu. O oksijene mai kashi 30 na ƙona fata ta yi fari nan take, in ta taɓa ka wanke da ruwa mai yawa. Asid ake zubawa cikin ruwa, ba ruwa cikin asid ba. Kar ka toshe kwalbar da ke da ƙarhe da o oksijene, iska na taruwa ta fashe. Kar o oksijene ta haɗu da aseton ko cikin bidon shara. Ka sanar da malamin da ke kula da aikinka da mai kula da labo kahin ka ɗauki komi. Ka sa malafa, ka ɗauki ruwan sha a aje nesa da kwanoni, ka kuma rubuta lamba a jikin kowane kwano da kowane tib tun da sahe, don da agogo ya fara tahiya ba ka da lokacin neman bik.